Ranar da Tsakar Gidana Ya Daina Shan Ruwa

A layinmu na Tunga, tsakar gidana kaɗai ke shanye ruwan sama, saboda tsakuwar da aka zuba tsakanin bulon intalok. Ni kuwa gani na yi tsakuwar ta ɓata kyan wurin. Na cike tsagogin da jar ƙasa, har ina kiran maƙwabta su koyi aiki.

Ruwan farko ya rasa wurin nutsewa. Ya kwashi jar laka ya shige shagon Mama Ladi mai ɗinki, ya rine mata farin leshin amarya.

Ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Injiniya."

Har yau, da hadari ya haɗu sai ta leƙo: "Injiniya, mu kwashe kaya?"