Ta Hagu Ta Rasu a Hannun Mijin Ƙanwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tafasa ba, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke zaune a hawa na sama, ƙofar ƙarshe, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan sauraro rasuwar lasifikarsa mai bakin ƙaho, wadda aka fi sani da Ta Hagu. Ta cika ranar Lahadi da rana, a falo, tana tsaye a kan ƙafafunta, ba ta yi jinyar ko wuni guda ba. Mai gidan ya roƙi kada kowa ya zo yana ce masa tsufa ne. Hannu ne ya kashe ta, kuma mai hannun ya sha cin abinci a gidan nan har da neman ƙari.

Marigayiya ta shigo gidan tare da 'yar'uwar tagwaicinta, Ta Dama, tun mai gidan yana da baƙin gashi. A bayan wani gidan sinima da aka rufe ya tsinto su, gizo-gizo ya yi gida a bakinsu. Ranar da ya fara kunna su, muryarsu kamar ta mai mura da ya sa kai cikin bokiti. Wani ne da tuni ya mayar da su inda ya ɗauko. Shi kuwa ya naɗe hannun riga ya shiga rainonsu.

Ya ƙwanƙwasa ƙahon Ta Hagu da ɗan yatsa ya ji ƙarfen yana amsawa, sai ya bi bayansa da fallayen kwaltar rufin ɗaki, yana liƙawa yana ƙwanƙwasawa, har ranar da ƙarfen ya ce tuf ya yi shiru. Ya zura hannu can cikin maƙogwaron ya goge tsinin da aka bari tun daga masana'anta, fatar yatsunsa ta tafi tare da tsinin. Leɓen ƙahon ya zagaye shi da gefen tsohon bargo don kada sauti ya yi kaifi a kunne. Gindin akwatin ya cika shi da busasshen yashi, ya tsaga ƙwallayen tanis ya kifa a ƙarƙashi, saboda matar da ke hawan ƙasa tana da hawan jini. Ya yi ta janyo marigayiya daga jikin bango kaɗan-kaɗan har teburin cin abinci ya rasa wuri ya koma baranda, inda yake har yau, kuma maiɗakinsa ba ta manta ba.

Abin da wannan wahala ta haifar, waɗanda suka taɓa zama a kujerar tsakiya su ne shaida. Ta Hagu ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba sai an nema. Da 'yar wuta kaɗan take cika ɗaki. Idan mawaƙiya ta ja numfashi kafin baiti, sai ka juya ka duba wa ya shigo. Takan ce tsiii a hankali idan makaɗi ya taɓa farantinsa na ƙarfe, ta ce dum daga can ƙirji idan an taɓa ganga, kuma ba ta taɓa cakuɗa su biyun ba. Mai gidan ya yi shekaru yana raba wasiƙu cikin hayaniya, ita ce ta koya masa cewa kunne ma yana hutawa. Yana sonta, ba ya kuma jin kunyar a rubuta haka.

Yanzu sai batun wanda ya yi aikin. Mijin ƙanwar mai gidan ne, mai sayar da tayoyi, wanda dangi ke kira Bari-In-Gani, domin da wannan kalma yake tunkarar duk abin da ke aiki lafiya. Fankar surukarsa ta ji ta, agogon bango ya ji ta, dutsen guga ma ya ji ta, babu wanda ya sake tashi a cikinsu. Kwanan nan ya kalli wani mutum a waya yana cewa duk abin da aka sa tsakanin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin murya, da ƙaho ɓarawon sauti ne, waya miƙaƙƙiya ita ce gaskiya. Maganar ta shige shi ta hana shi sakat.

Ranar Lahadin mai gidan ya fita aski, maiɗakinsa kuma ta tafi unguwa. Ƙanwarsa tana da makullin gidan na ko-ta-kwana, sai ta shigo da mijinta, wai su jira a ciki. A bayan Ta Hagu akwai wani ɗan abu kamar batir, masu gyara na ce masa kwandensa. Aikinsa gadi ne: yana tare manyan sautuka kada su faɗa wa fatar da ke can ƙarshen maƙogwaro, wadda ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Bari-In-Gani ya kwance murfi, ya ga mai gadi, ya ce ga ɓarawon. Ya datse shi da filaya, ya haɗa waya da waya, ya zaɓi waƙa mai ganguna, ya murɗa murya har ƙarshe don matarsa ta ji bambanci.

Mai gidan yana kan matakala ya ji kalamanta na ƙarshe. Ta ce dum. Ta sake cewa dum, da wata irin murya da bai taɓa ji ba. Sai ƙarrr, sai fat. Ko da ya buɗe ƙofa, ƙauri ne ya tarbe shi, ga wani siririn hayaƙi yana fita daga bakin da ya yi wa ado da bargo.

“Yaya, ai da ma a kan hanya take,” in ji mai tayoyi, filaya na hannunsa. “Ni buɗe mata murya na yi, ita ce ba ta iya ɗauka ba.”

Mai gidan ya durƙusa a gaban gawar. Ƙanwarsa, wadda ya goya a bayansa tana ƙarama, ta dube shi ta ce, “Haba Yaya, akwati ne fa. A kan akwati za ka ɓata da mijina?”

Ya so ya amsa, amma mijin ya riga shi. “Kada ka damu, Asabar zan dawo in cire wa ɗayar nata. Wannan karon a hankali zan riƙa ƙara murya.”

An kai gawar wurin mai gyara. Ya haska maƙogwaron da tocila, ya girgiza kai, ya ce an daina ƙera irin wannan fata tun kafin ya fara koyon aiki, ya mayar da murfin da ladabi, aka dawo da ita falonta.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yar'uwarta Ta Dama, wadda yanzu take magana ita kaɗai daga gefe guda. Da amfilifaya, wanda aka yi aika-aikar da wutarsa ba da son ransa ba. Da faya-fayai masu yawa da ba su san inda za su sa rabin muryarsu ba. Ta kuma bar matar gidan, wadda ta yi ta'aziyya da baki, amma an gan ta tana auna gurbin da ido.

Ran Ta Dama ne yanzu a hannu. Makulli yana wurin ƙanwa, karɓe shi kuma yanke zumunci ne, ga Asabar tana tafe. Mai gidan ya yi ta juya abin a ransa, ya ga muddin tana falon nan, watarana zai sake fita aski. Don haka ya yanke shawarar ba da ita riƙo.

Wanda zai riƙe ta wani mai gidan motsa jiki ne, mutumin kirki, wanda ke buɗewa tun kafin rana ta fito, da kiɗa mai ganguna. Allah cikin ikonsa, bango ɗaya ne ya raba zaurensa da ɗakin barcin mai tayoyi. Tsohon ma'aikacin gidan wayan da kansa zai je ya girka ta. Duk ilimin da ya tara na hana sauti shiga gidan maƙwabci, zai juya shi baibai: zai cire ƙwallayen, ya jingina bayanta da bangon, ya ɗaure ta da ƙusoshi yadda kowane dum zai bi bulo ya isa ƙafar gado. Murfin bayanta kuma an riga an liƙe shi da gam, kwandensarta na ciki, babu filayar da za ta kai gare shi.

An raba gādo kamar haka. Bargo ya koma wurin matar gidan. Kwandensar da aka datse an naɗe ta za a ba mai tayoyi, ya ajiye kusa da matashinsa. Audugar da ke cikin akwatin marigayiya, mai laushi, an cire wa ƙanwa dunƙule biyu daidai kunnuwanta, domin duk da abin da ta faɗa, ciki ɗaya suka fito, kuma ɗakin baƙi a buɗe yake gare ta duk safiyar da ta gaji. Mijinta ba ya cikin magadan auduga.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, daidai lokacin da mai tayoyi ya yi alkawarin zuwa. An keɓe masa girmamawar sauko da gawar daga hawa na sama, shi kaɗai, ba a kuma zubar da yashin ba. Ana roƙon maƙwabta su tsaya a ƙofofinsu, kada wanda tausayi ya kama ya sa hannu. Daga nan za a raka Ta Dama sabon gidanta, a kunna ta a gaban shaidu.

Bayan an watse, mai gidan zai koma falonsa ya karɓi gaisuwa a kujerar tsakiya, babu kiɗa, ba kuma za a sake yi ba. Ya san zai ji jiki. Amma ya ce zai iya jure shirun gidansa, tunda ya san gidan da ba za a ƙara samun shiru ba.