Salular Rashidu, Wadda Tsaro Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa wanda siminti ya cinye, Rashidu Mahamman, magini ɗan ƙasar Damagaram mazaunin Tamanrasset ta Aljeriya, yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar salularsa. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi da hantsi, bayan jinyar kwana biyu. Shekararta huɗu a hannunsa, ban da waɗanda ta yi wajen wani Balarabe kafin ta iso kan tebur a Kasuwar Assihar.

Marigayiya ta tashi a gidan ilimi. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin Rashidu ya san ba ginin bulo kaɗai ke cikin kansa ba. Shi ne ya harhaɗa rediyo da tarkacen kasuwa, ya miƙa wayar shanya a kan rufi, ya ce da ita yake jin abin da direbobin hamada ke faɗa wa juna. Abokan ɗakinsa dai shuuu kawai suke ji, amma sun yarda da shi don a zauna lafiya. Da salula ta shigo gidan sai rediyo ta koma gefe, Rashidu ya juya hankalinsa kaf kan ilimin tsare waya daga ɓarayi da 'yan leƙen asiri.

An shaidi marigayiya da kamun kai. Idonta na gaba liƙe yake da baƙin salatif tun ranar da aka sayo ta. Ba ta taɓa shan caji a shagon kowa ba. In za a wuce shingen jandarma, cikin gwangwanin madara take tafiya, a rufe ruf, domin mai ita ya ce ƙarfe na hana a ji sirrinta daga nesa. Ba a taɓa ara ta ba, ko da mai roƙon ya ce matarsa ce ke naƙuda a gida. Yatsan Rashidu kaɗai ke buɗe ta, in yatsa ya ƙi sai lamba shida, lambar kuma ana sauya ta kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba a rubuta ta a takarda, don takarda na iya faɗawa hannun maƙiyi. Daga ƙarshe ya ɗora mata umarnin da yake alfahari da shi a majalisar shayi: duk wanda ya kuskure lamba sau goma, ta shafe duk abin da ke cikinta.

A shekara huɗun nan ba ɓarawon da ya ko kalle ta.

Za a riƙa tunawa da muryarta. Tana da "ƙilin" mai taushi in saƙo ya shigo, da wani gurnani a ƙarƙashin matashi lokacin sallar asuba. Amma mafi daraja cikin abin da ta riƙe shi ne minti huɗu na muryar Malam Mahamman, mahaifin Rashidu. Shekara biyu da suka wuce Rashidu ya je gida, a ƙauyensu na bayan Mirriya, ya tarar da tsohon a kwance. Su biyu kaɗai ne a ɗakin sa'ad da ya ajiye salula kusa da bakinsa. Tsohon ya yi tari, ya yi bismilla, ya faɗi iyakar gonarsa: daga gawon da tsawa ta tsaga har zuwa tsohuwar rijiya, tasa ce, aro ya ba ƙanensa Badaru, ba kyauta ba. Bayan wata guda Allah ya karɓi abinsa.

Yayar Rashidu, Bilkisu, ita ke noma gonar tana ciyar da mahaifiyarsu. Ta roƙe shi ya turo mata muryar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya ce wayar mata hannu-hannu take yawo, daga mai kitso zuwa maƙwabciya. Ta ce to ya tura wa limamin garin. Ya ce saƙo in ya hau iska kowa na iya tare shi a hanya. Abin da bai faɗa ba shi ne yana jin daɗin zama mutum ɗaya tak da ke riƙe da maganar Baba ta ƙarshe, duk da nisan da ke tsakaninsa da gonar.

Ranar Juma'ar da ta gabata ya sauya lamba kamar kullum. Ya ɗauko ta daga lambar wata tasha da yake kamawa a rediyo, ya juya ta baya, sannan ya ƙara wata sabuwar dabara wadda ya tabbata ba mahaluƙin da zai gano ta. Da yamma Bilkisu ta kira. Baffa Badaru ya kai magana gaban mai gari, ya ce yayansa ya ba shi gefen rijiya tun yana da rai. An sa zama ranar Litinin.

"Rashidu, yau kam ka turo," in ji ta.

"Gobe, Yaya. Bari in shirya hanya mai tsaro."

Asabar ya wuni yana shafen bango ba safar hannu. Da aka tashi ya ɗora yatsa, marigayiya ta yi "zzt", ta ƙi. Siminti ya goge zanen yatsan sumul kamar bayan cokali. Ya wanke, ya shafa mai, ya hura masa iska, ba ta gane shi ba. Ta nemi lamba. Ya tuna tashar, ya tuna juyawar, sabuwar dabarar ce ta ɓace masa. Kafin magariba ya kuskure sau shida, kuma bayan kowane kuskure marigayiya na ƙara masa lokacin jira, cikin haƙuri irin nata.

Lahadi da safe ya yi na bakwai, da na takwas, da na tara. Daga nan ya ɗauke ta zuwa wajen Malam Abdulmumini, mai karantar da 'yan ci-rani a unguwar, ya nemi a tofa mata addu'a. Malam ya dube shi, ya dubi salula.

"Ajiye ta, Rashidu. Ga tawa, kira mai gari ka roƙi a ɗaga zaman mako guda. Kanka zai huce, lambar za ta dawo."

"Gafarta Malam, ba na magana ta wayar da ban san inda ta kwana ba. Kuma yanzun nan na tuna."

Ya danna. Marigayiya ta yi "zzt" na ƙarshe, fuskarta ta yi baƙi, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiya. Da ta farfaɗo sai ta gaishe shi da Faransanci kamar baƙo, ta nemi kalmar sirrin da aka yi mata rajista da ita shekara huɗu baya. Wannan kam ya taɓa rubuta ta a takarda, amma ya ƙone takardar bara, don tsaro. Muhammad Kabir, mai gyaran waya a Assihar, ya duba ta ciki da waje, ya rufe, ya ce a yi haƙuri.

Ranar Litinin Baffa Badaru ya je gaban mai gari da dattawa biyu. Bilkisu ta je da labarin wata murya da ke cikin wata waya a Aljeriya. An ba Baffa daga gawo zuwa rijiya, wato inda ƙasar ke riƙe ruwa. Da la'asar ta kira ta wayar Malam, wannan karon Rashidu ya karɓa.

"Shekara biyu kana tsare muryar Baba kada in same ta," ta ce. "To, ka yi nasara. Inna ta ce ko sau ɗaya ba ka kunna mata ba."

Rashidu ya sauke wayar daga kunne. Ya miƙa wa Malam wayarsa, ya fita ya zauna a kan tarin bulo har aka kira magariba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya wadda ba ta taɓa shiga wata waya ba, da rigar roba, da gwangwanin madara, da layi biyu marayu, na nan da na Nijar. Ta bar kuma yayarta rediyo, wadda har yanzu ke shuuu a kan taga. Iyalai suna godiya ga duk waɗanda suka yi ta'aziyya, musamman Baffa Badaru, wanda saƙonsa ya riga na kowa isowa, har ya haɗa da addu'ar Allah ya mayar da wadda ta fi ta tsaro.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko, a teburin Muhammad Kabir. Malam Abdulmumini ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma zai zo ya tsaya. Gilashinta zai koma kan wayar Salima mai tuwo, wadda ta daɗe tana karanta saƙo ta tsakanin tsaga. Batirin na duk wanda ya riga zuwa ne. Kayan cikin kuwa Rashidu ya ce da guduma zai farfasa su da hannunsa kada sirri ya fita, ko da yake Muhammad Kabir ya rantse masa ba abin da ya rage a ciki.

Ana karɓar gaisuwa baki da baki a ɗakin mamaciya, tunda ba lambar da za a kira. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi Rashidu ko ya tuna lambar. Ya tuna ta ranar Talata da safe, yana kan tsani da cokalin siminti a hannu, duk shidan, har da sabuwar dabarar. Abokan ɗakinsa sun nemi ya faɗa musu ko don su ji irinta, ya ce ba a bayyana lambar sirri.