Dutsen da Na Ce Kada a Huda

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da bakina ya ɗora ni kan dutse, ƙafafuna suka ƙi sauko da ni ba. Lokacin ina aiki a wani ofishin kago, wato jigilar kaya, a Port Saeed da ke Dubai, muna zaune a unguwar Al Nahda ni da matata Hajara. Maƙwabcinmu Bitrus, mutumin Kagoro, shi ya koya mini hawan dutse da igiya. Da sanyi ya shigo sai mu bar Dubai mu nufi duwatsun Ras Al Khaima.

A can muka gano wani bangon dutsen farar ƙasa, a miƙe cak, wanda ba mu ji wani ya taɓa hawa ba. A al'adar masu hawa, wanda ya fara kaiwa sama shi ke raɗa wa hanyar suna. Ni kuwa, da rawar kaina, tuni na yi wa Hajara alkawarin sunanta zan sa.

Nan gardama ta tashi. Bitrus ya ce a huda dutsen, a kafa ƙusoshin ƙarfe da za a riƙa maƙala igiya.

"Mutumina, wannan ba irin dutsenku na gida ba ne," in ji shi. "Ɓarewa yake kamar ƙuliƙuli, kuma babu tsagar kirki da za ka cusa ƙarfen kariya."

Na gyara zama na ce, "Khalas, ya isa, Bitrus. Dutsen da Allah Ya ajiye tun fil'azal, kai ka zo da bizar shekara biyu ka ce za ka huda shi? Mu a Kwatarkwashi ko takalmi ba ma sawa." (Sau ɗaya na taɓa hawa dutsen garinmu, shi ma ta hanyar da tsofaffi ke bi da itace a ka.)

Muka yi ta ja, a mota, a lif, har a bakin ƙofa. Daga ƙarshe ya ce in na kai sama ba ƙusa ko ɗaya, ya haƙura, ba za a huda ba.

Ranar hawan, Hajara ta biyo mu da fulas ɗin shayi, ta saita waya don ta ɗauke ni ta tura wa ƙannenta. Na sa hular kwano, na ɗaura igiya, Bitrus ya riƙe ɗaya bakin ya ce, "Yalla, shwaiya shwaiya," wato in hau a hankali. Farkon hawan ya yi daɗi, har ina waiwayowa ina murmushi. Na cusa ɗan ƙarfena a wata tsaga, na maƙala igiya, na ci gaba.

Na yi nisa sosai sai dutsen da na dafa ya ɓalle a hannuna. Ban faɗo ba, amma jijjigar ta zare ƙarfen nan, ya sulalo ta igiya yana ƙara har hannun Bitrus. Wato babu abin da ke riƙe da ni sai yatsuna. 

"Lafiya dai?" Bitrus ya tambaya daga ƙasa.

"Nazarin hanya nake," na ce. (Ina namiji zai yi ihu matarsa na ɗaukar sa a waya?)

Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Ina ta salati a zuci sai idona ya faɗa kan wani tsohon turken ƙarfe, duk tsatsa, da masu neman zuma na yankin suka kafa tun da daɗewa. Ni da na yi makonni ina wa'azin kada ƙarfe ya taɓa dutsen nan, na damƙe shi da hannu biyu, na manna kumatuna a jikinsa, bakina ya buɗe da kansa.

"Wayyo Inna! Bitrus, huda shi! Huda ko'ina!"

Kwarin ya amsa ya maimaita, ko wanda bai ji ba ya ji. Bitrus ya sa na ɗaure kaina a turken, ya zagaya ta hanyar awaki, ya zuro mini wata igiya daga sama. Aka sauko da ni kamar buhun gero. Bai yi dariya ba sai da ya ga na sha shayi, sannan ya kwanta a ƙasa yana riƙe ciki.

Hajara kam ta daɗe da ajiye wayar, idonta ya yi ja. Na sunkuyar da kai na ce ta yi haƙuri, sunan nan ba zai samu ba.

"Baban Hanifa, me zan yi da dutse?" ta ce. "Ni ka dawo mini gida da ƙafafunka."

Asabar ta gaba muka huda shi, ni na riƙe injin da hannuna, har ina neman a ƙara ƙusa. Bitrus ya fara kaiwa sama, don haka shi ya raɗa suna. Har yau in Turawa sun je wurin sai ka ji suna tambaya da wani irin harshe wai ina hanyar "Wayyo Inna" take.

Tun daga nan, duk gardamar da za a yi a ƙasa kan abin da ke sama, sai na fara tambayar wa za a tura ya hau. In ni ne, to ba ni da ra'ayi.