Gwanjon Hoton Rijiya

A wani gari mai suna Sai-Yadda-Ka-Ce, akwai al'adar da majalisa take tinƙaho da ita: duk sa'ad da Mai Gari ya ɗaga hannu, wajibi ne kowane ɗan majalisa ya ɗaga nasa, ko da ƙuda yake kora.

A garin akwai wani mai zane, Nomau, wanda rijiyar unguwarsu ta shekara uku da ruftawa. Da ya gaji da rubuta koke, sai ya zana ta, ga mata zagaye da ita riƙe da bokitai wayam. Ya kai hoton Gidan Gwanjo, ko manya za su gani su ji kunya.

Sarkin Gwanjo, Alhaji Gambo, ya rataye shi kai a ƙasa.

"Malam Nomau, haka ya fi zama na zamani. Abin da aka gane ba ya tsada."

Ranar gwanjo ya zaunar da Mai Gari a sahun gaba, 'yan majalisa goma sha biyu a bayansa. Mai Gari ya ɗaga hannu ya taya dubu hamsin. Hannaye goma sha biyu suka tashi, Alhaji Gambo ya ƙirga kowanne a matsayin sabon tayi.

Mai Gari ya ce, "Wa yake ja da ni?" Bai waiwaya ba, domin sarauta ta hana.

Ya sake ɗagawa, suka sake. Ma'ajin majalisa yana gumi, hannunsa na sama. Kafin la'asar aka sallama wa Mai Gari hoton a kan kuɗin ruwan sha na shekara guda.

Nomau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, rijiyar unguwarmu ce. Gyara take so."

Alhaji Gambo ya yi farat ya ce, "Allah ya ja zamaninka, in aka gyara ta hoton ya zama ƙarya, farashinsa ya faɗi. Asarar dukiyar talakawa ke nan."

Nan take aka kafa doka: duk abin da Nomau ya zana ya zama kayan tarihi, ba za a sake kashe wa abin ko kwabo ba. Aka kuma umarce shi ya kawo sabon hoto kafin wata ya ƙare.

Kwana uku Nomau yana zaga gari. Ya tsaya a ƙofar asibiti, ya wuce da sauri. Ya bi ta bayan makaranta, kansa a sunkuye.

Rana ta huɗu da hantsi ya shimfiɗa tabarma a gaban zauren majalisa, ya jera fentinsa. 'Yan majalisa suka fito, kowa yana gyara hula, suna roƙonsa kada ya manta da su a ciki.