Nutson Labbo a Gurbin Maje

Wani mutum ne a Tungar Maje, can bakin kogi, ana ce masa Labbo ɗan Barmo. Da a ce da baki ake nutso, da tuni kifin kogin nan ya ƙare. Labbo ya kashe giwan ruwa a teburin mai shayi, ya kashe a ƙofar masallaci, ya kashe har a wurin zaman makoki. Amma a cikin ruwa? Ko tarwaɗa ba ta taɓa kawo ƙararsa ba.

"Ni fa in na nutsa da azahar," in ji shi, yana dukan ƙirji, "sai la'asar. Akwai randa barci yak kwashe ni can ƙasa, kada yat tashe ni, yac ce malam gusa, wurina ne!"

Sai a kwashe da dariya, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya ƙara gishiri.

Ubansa Barmo shi ne gwanin gaske, Allah ya jiƙansa. Ba ya jefa koma, ba ya ɗana ƙugiya. Numfashi ɗaya zai ja, ya shige ƙasan gurbi da zago, wato mashin nan mai ƙayoyi da igiya a gindi, ya zaɓi kifi ɗaya tak ya soke. Ƙarami bai ishe shi kallo ba, mai ƙwai kuwa sai ya kauce mata hanya. Da ya rasu, zagon ya faɗo hannun Labbo. Kullum Labbo na goge shi da man shanu, yana saɓa shi zuwa kasuwa da gidan suna. Aikin da zagon ya samu tun daga nan bai wuce kaɗo mangwaro ba.

To, masuntan Tungar Maje suna da al'ada: zago ba ya zaman banza. In magaji ya kasa amfani da shi, sai a miƙa wa ɗan dangi mai nutso. Ɗan dangin nan kuwa ba kowa ba ne sai Arzika, taubashin Labbo, mutumin da ba ya ganin Labbo ya wuce bai tsokane shi ba.

Ana gab da ranar buɗe Gurbin Maje, wurin da ya fi ko'ina zurfi a kogin, Sarkin Ruwa Nomau ya aika aka kira Labbo. Tsoho ne siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son ta fito.

"Ɗan Barmo, wanga zago ya sha mangwaro ya ƙoshi. Ran Asabar za a buɗe gurbi. Ko ka hiddo muna giwan ruwa da shi, ko ka ba Arzika."

"Ranka shi daɗe, giwa guda? Ai na zaci garke za ka ce!"

Ya fito yana taƙama. Gaskiyar magana, Labbo iyonsa na kare ne, kuma ruwa in ya wuce masa wuya sai ya fara kiran sunan uwarsa. Kuma wallahi yana son zagon nan. Shi kaɗai ne abin da ke sa a matsa masa wuri a tabarma. In babu shi, Labbo wani mai surutu ne kawai.

Sai dabara ta faɗo masa. Ya ja ragonsa ya kai kasuwa ya sayar, ya zarce cikin gari wajen Tasalla mai kifi, wadda ke da firiji ƙato kamar akwatin amarya uku a haɗe. Ta buɗe, hayaƙin sanyi ya taso. Giwan ruwa biyu ne kwance a ciki, ko cikinsu ba a farka ba.

"Wanne kake so?" in ji Tasalla.

Kowane masunci na ƙwarai kallo ɗaya zai yi ya san wanda zai bari. Labbo kuwa idonsa ya sauka kan mai tulun ciki, wanda ya kusa kai shi tsawo.

"Wancan mai tumbin! Kuma Tasalla, don girman Allah, ba ki gan ni ba."

"Ni ko sunanka ban sani ba, Labbo."

Ran Asabar da sassafe, mutane na sahu a masallaci, shi yana fama da buhu a bayan keke. Akwai wani dutse a gefen gurbi, bayansa ciyawar burgu ce, ruwan wurin iya ƙirji. Nan ya tura kifin ƙarƙashin ciyawa, ya danne da duwatsu, ya koma gida yana huci, ya sha fura.

Da hantsi gari ya taru. Makaɗa na kiɗa, mata na guɗa, matasa masu nutso suna ta faɗawa tsulum, tsulum. Labbo ya iso daga shi sai gajeren wando, ya sha layu har damtse, ya ɗaga zago sama.

"Ku gusa! Kowa shi hita ruwa, kada in soke ɗan mutane cikin hushi!"

Arzika ya ce, "Taubashi, gurbi ga shi nan gabanka, ina za ka bayan dutse?"

"Kai mi kas sani? Manya ta ƙofar baya suka shiga!"

Ya zagaya, ya yi funjum, ya duƙa bayan dutse, hancinsa a waje yana shaƙar iska son ransa. Ya lalubo kifin, ya ɗaga zago, ya kai masa suka. Ƙwas! Zago ya dawo. Ya sake. Ƙwas! Kifi ya yi tauri kamar icen kirya. Sai da ya kafa tsinin a bayan kunnen kifin, ya ɗauki dutse ya yi ta bugu kamar mai kafa turke, sannan ya shiga.

Daga nan fa aka fara yaƙi. Tun da kifi ya ƙi motsi, Labbo ya yi motsin mutum biyu. Facal! Facal! Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya rungumi kifi ya mirgina, ya yi ihu, ya haɗiyi ruwa na gaske ya ƙware. Can sai ga shi ya ɓullo yana jan abu kamar ɗan maraƙi.

Guɗa ta tashi. Maroƙi ya fasa kirari. Labbo ya ɗora ƙafa kan kifin, yana numfashi da ƙyar.

"Can ƙasa nis same shi cikin kogo, inda ko rana ba ta kai. Yac ce wane ne? Nic ce ɗan Barmo. Nan take jikinai yam mutu!"

"Lalle jikinai ya mutu," in ji Arzika. "Ko wutsiya bai kaɗa muna ba."

Sarkin Ruwa ya taso da wuƙarsa, don a al'ada ba a raba giwan ruwa sai ya farka cikin a gaban jama'a. Ya durƙusa, ya sa wuƙa. Ƙurus, ƙurus. Ya tura hannu ciki, ya zaro da sauri, ya hura yatsunsa, ya cusa su a hammata. Ya dubi Arzika. Arzika ya dubi sama. Labbo na can yana karɓar gaisuwa, bai ga komai ba.

Tsoho ya buɗe cikin da kyau. Ƙwai ne maƙil, tuli guda.

Kiɗa ya tsaya cak. Mata suka rufe baki.

"Subhanallahi," in ji Sarkin Ruwa. "Ɗan Barmo, uwa kak kashe. Kifin baɗi da na baɗin waccan duka ga su nan kwance. Ubanka bai taɓa yin haka ba."

Labbo ya sosa ƙeya. "Ranka shi daɗe, duhu ne can ƙasa..."

"Ba komi. Ka san al'ada. Wanda yas soke mai ƙwai, shi ka maida ƙwan. A kawo tukunya."

Aka kawo tukunya, aka kwashe ƙwai aka zuba, aka ɗaure bakin da tsumma. Sarki ya nuna tsakiyar gurbi, inda ruwan ya yi baƙi ƙirin yana juyawa a hankali.

"Za ka kai ta cikin kogon da kas samo uwar, ka aje, ka ɗebo muna baƙin laka na ƙasa shaida. A sa shi jirgi."

Ƙarti biyu suka kama shi, suka ɗora a kwale-kwale, tukunya a cinyarsa. Aka tuƙa. Labbo ya leƙa ruwan, ruwan ya leƙo shi. Zufa ta karyo masa har cikin layu.

"Ranka shi daɗe, a bari sai gobe. Na gaji."

Daga gaɓa wani ya ɗaga murya: "Haba Labbo! Kai da ka nutsawa da azahar ka hito la'asar?"

"Ciwon kunne gare ni!"

"Ka yi barcinka can ƙasa," in ji Arzika, "kada na nan shi tashe ka!"

Ƙartin suka kama hannuwansa. "Bisimilla. Ja numfashi."

Nan Labbo ya ga kabarinsa a buɗe, ba likkafani. Ya ƙanƙame gefen jirgi da hannu da ƙafa, ya ware murya har sai da tsuntsaye suka tashi daga burgu.

"Wayyo Allah! Ku tsaya! Ba ni nik kashe ta ba! Saye niy yi!"

Sarkin Ruwa ya sa hannu a kunne. "Mi yac ce?"

"Saye niy yi wurin Tasalla! Ragona nis saisuwa!"

"A'a, ɗana, kada tsoro shi sa ka yi ma kanka ƙazafi. Da idonmu munka ga kuna kokawa."

"Ni kaɗai nika kokawa! Wallahi ban iya nutso ba! Tallahi ban taɓa yi ba! Ko kada ban taɓa gani ba sai na hoto!"

"Ƙarya shikai," in ji Arzika. "Tawali'u ne irin na manya. Ku jefa shi."

Abin tausayi, abin dariya. Mutumin da ya shekara da shekaru yana rantsuwa don a yarda jarumi ne, yau ga shi yana rantsuwa, hawaye da majina, don a yarda maƙaryaci ne, kuma an ƙi yarda.

"Ku maishe ni gaɓa, ina da shaida!"

Aka dawo da shi. Tun jirgi bai tsaya ba ya diro, ya ruga wurin kifin, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya yi ta laluba kusa da ƙashin baya. Ɓalas! Ya ɓallo wani abu fari, ya ɗaga sama, rana na ƙyalli a jikinsa.

"Ga ta! Ƙanƙara! Ku taɓa ku ji! Wane kogi ka da ƙanƙara cikin wagga bazara?"

Wuri ya ɓarke. Makaɗi ya faɗi kan gangarsa. Wata tsohuwa ta miƙo kwano wai a sa mata a kunun zaƙi.

Sarkin Ruwa dai ko murmushi bai yi ba. Ya zare zago daga kan kifin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa wa Arzika. Sannan ya karɓi ƙanƙarar, ya juya ta, ya duba ta da kyau, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, ku bar dariya, ku ba mutum girmanai. Kakanninmu sun yi nutso. Barmo ya yi nutso. Amma tun da anka kafa garin ga, ba a taɓa yin wanda yan nutsa Gurbin Maje yaɓ ɓullo cikin firijin Tasalla ba sai Labbo!"