Gonar da na sa wa surukina a waya

Da surukina ya karye a ƙafa, kewar gonarsa ta Rimaye ta dame shi. Ni kuwa a Kankia an san ni da tono wasannin waya irin waɗanda mutum ɗaya ke ƙirƙira a ɗakinsa, babu wanda ya taɓa jin sunansu. Na zaɓo wani na noma na sa masa, alhali farkonsa kawai na taɓa bugawa.

"Baba, wannan shuka ce da ban ruwa kawai. Zai kwantar maka da hankali," na ce, har da gyara hula.

Ya shuka geronsa, iyali sun kewaye shi suna yabawa. Can sai allon ya yi duhu, kyamara ta buɗe da kanta. Mutum-mutumin da ke tsakiyar gonar ya juyo a hankali, ɗauke da fuskar Baba, har furfurar gemunsa.

Baba ya yi salati, ya cilla wayar cikin kwanon kunu. Bai zage ni ba, kallona kawai ya yi, na rasa inda zan sa kaina.

Har yau in na ciro waya a gidan, sai surukata ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Mayar da ita aljihu, ɗana, kada ka kafa ni a gona."