Linzami a Cikin Malam Idi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Faransancina ya kusa kashe mutum. Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai ne, ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, ana kirana Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko, ina ji da kaina kamar ni na haifi Faransa.

Ran kasuwa aka kawo wani makiyayi asibiti daga Belbeji, Malam Idi, cikinsa ya kumbura, sai amai yake yi. Tafinta ba ya nan, sai likitan, wani Bature mai zagaye, ya sa a kira ni. Na tafi ina gyara wuyan riga (har da biro a aljihu, don a san wa ya iso).

Likita ya duba tabon aikin da aka yi masa bara a Damagaram, ya ce abin da ya toshe hanjin "bride" ne, a sa shi a mota yanzu a mayar da shi can. Ni kuwa a littafinmu kalmar nan linzami take nufi. Na juya ga wan Malam Idi, wani tsoho da ya rako shi, na ce da ƙarfi, "Baba, likita ya ce linzami ne ya shaƙe masa hanji."

Tsohon ya yi salati. "Linzami a cikin mutum? Mushe, ai wannan sammu ne! Wuƙar Nasara ba ta cire shi. Ku ɗauke shi mu koma gida."

Nan take suka cicciɓe shi suka nufi raƙumi. Direban motar Damagaram na ta oda, wata motar kuma sai jibi. Likita yana yi mini tsawa, me na faɗa musu? Tsoro ya kama ni.

Wata tsohuwar ungozoma, wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma ta daɗe tana aiki da likitoci, ita ta tare su. "Alhaji, ba ka taɓa feɗe akuya ka ga hanji ya manne da wani ɗan tantani ba? Inda aka yanka ne ya warke ta ciki, ya yi zare ya ɗaure hanjin. Zaren nan za a yanke." Ta kalle ni. "Kai kuma ɗana, koma wajen yaranka."

Da ƙyar suka sami motar. Malam Idi ya rayu, ni kuwa na yi wata guda ban ratsa kasuwa ba, don yara na bina da haniniyar doki.

Tun daga ranar na koyi faɗin "ban sani ba". Duk shekarun da na yi a lakwal, ba wanda ya koya mini ita.